Kofi Mai Jan Zare

A fadarmu ta Garin Malam, gindin dalbejiya,
kofin shayi shida ne, mu goma sha ɗaya.
Shekara tara baki na bin sawun baki,
ba wanda ya taɓa tambayar wa ya riga wa.

Sai Manzo ya dawo daga hanyar Agadas,
ɗamarar wandonsa na neman sabon huji,
tari na tsinka masa dariya a tsakiya.
Ba mu ce uffan ba.
Ni ne mai hura gawayi, ni ne mai zubawa,
ni na ɗaura jan zare a gindin kofi ɗaya.
Ya gani. Ya karɓa. Ya ce shayin ya yi.

Mato mai kabu-kabu ba ya tauna magana:
"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.
Mu muka raka shi tasha? Mu muka hure fitila?
Jikar da na yi wa gumi ba ta biyan bashin daɗin wani."
Na so in ce ƙarya yake.
Na laluba, ban samu ƙaryar duka ba.
Wata bakwai takardar likita na aljihun Manzo,
ta sha zufa, ta bushe, ta yage a kalmasa.
Ran wanki Tsahara kan cire ta a hankali,
ta ɗora mata dutse kar iska ta ɗauke,
tana zaton rasit ɗin kaya ce.
Wannan kayan nasa ne, ba mai sauke masa,
ko da duwatsun Birni za su narke su zama kunu.

Amma Mato, ka tuna Ɗan Jimma mai tsire?
Ran da aka ce Sida ce,
kwana uku nama na kwana a tukuba,
mai gidan haya ya karɓe mabuɗi tun wata bai mutu ba.
Ran jana'izarsa sahu ɗaya bai cika ba.
Manzo na riƙe da ƙafar makara, yana ƙirga mu.
Ya ƙirga, ya koma gida, ya ɗinke bakinsa.
Allurar tasa ce, na yarda.
Zaren fa, a shagon wa aka saya?

Asibiti ga shi nan, tafiyar ƙafa,
amma sai ya biya mota har Magarya
inda ba mai sanin sunan ubansa.
Watan da babu kuɗin mota, babu ƙwaya.
Ciwo na cin jini, idonmu na cinye saura.

Jiya da la'asar Tsahara ta zo.
Ba ta taka tabarma ba, ta tsaya daga gefe,
goyo a baya, katin asibiti biyu a hannu.
"Laifinsa, ni da shi da Allah.
Ban zo shari'a ba.
An ce kar mu sha magani da ciki wayam.
Wa ke da tiya ɗaya ta gero?"

Buta ta tafasa har ta kashe gawayi.
Mato ya tada babur ba sallama.
Na ce a raina: ya gudu.
Bayan isha aka tsinci tiya uku a zauren Manzo,
an ɗaure bakin buhun da robar taya.
Yau da safe ga shi ya dawo da zancensa,
wai har gobe, bakinsa.
Ban yi masa gardama ba, na ƙara masa sukari.

Na tsinke zaren da haƙorina.
Sai dai hannuna ya riga ya san kofin,
ko an ɗauke wuta yakan gane shi.
Ni kuwa mai tsara wa mutane baiti,
sau uku ina isa ƙofar ɗakin gwaji,
in duƙa kamar mai gyara takalmi,
in duba hagu, in duba dama,
in wuce Kasuwar Dole sayen ganyen shayi.